Ranar da Aka Kashe Inji Don a Gaishe Ni

Rabin rayuwata a ƙarƙashin ƙasa na yi shi. Ma'aikacin wuta ne ni a ramin wani kamfanin ma'adinai can arewa, bayan Agadas, ina kula da wayoyin kuran, wato lantarki, da manyan fankokin da ke tura wa mahaƙa iska. Kafin nan na yi dako a bakin teku a Gana, na yi zaman Aljeriya, daga baya kamfani ya aika ni Faransa na 'yan watanni koyon gyaran fanka. A hanya na tsinci Faransanci da Larabci da yaren Buzaye, da ɗan Ingilishin da bai wuce na sayen abinci ba. A duk wuraren nan mutum yana gaishe ka ne inji na ruri. Ya ɗaga maka hannu, ko ya kwatsa maka kalma ɗaya a kunne, ya wuce.

Shi ya sa da na aje aiki na komo garinmu, cikin kwarin da ke tsakanin Buza da Tama, ba abin da ya kwantar mini da rai kamar shirun da ake yi wa babba. Mai moto, wato babur, in ya hango dattijo sai ya kashe, ya sauko, ya ƙaraso yana turawa. Mai injin niƙa yakan tsai da injinsa in maigari ya tsaya a bakin ƙofa, ko in za a wuce da gawa. Gaisuwarmu doguwa ce, ana tambayar kwana da gajiya da gida da iyali da dabbobi, kuma kowace tambaya tana son a ji amsarta.

Na ma zama mai gadin wannan al'ada ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Wata rana a wurin wani suna muna zaune bisa tabarmi, sai wani saurayi da ya dawo daga cin rani da sabon moto ya tsaya a gabanmu, ya miƙo gaisuwa yana bisa, inji na kuka. Na bari ya gama, sannan na tambaye shi a gaban mutane ko moton ne ya zo gaishe mu ko shi. Na ce in moton ne, mun ji muryarsa sarai, amma in shi ne ba mu ji komai ba. Aka yi dariya. Ya kashe, ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sake gaisuwar tun daga farko. Daga ranar ban ƙara ganin mai ladabinsa ba a garin. In ya hango ni daga nesa, tun ban gane shi ba zan ji ƙarar moto ta ɗauke. Nakan ba da misali da shi. Wannan saurayin ne, bayan ya yi aure ya zama magidanci, ya sayi grup, injin ba da wuta, ya kai shi bisa dutse.

Dutsen da ke bayan garinmu yana da jibs, wani farin dutse mai ƙyalli da masu siminti ke saye. Tun muna yara mata ke tsintarsa a gangare bayan ruwa ya wanke ƙasa, su tara, kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe. Na saman ya ƙare. Hatsi kuma ya daina kai mutane ko tsakiyar rani. Samarin da suka tafi haƙar zinariya Jado suka dawo, yawancinsu ba zinariyar, sai dai sun koyo yadda ake bin dutse cikin ƙasa. Suka haƙa rami tsaye kamar rijiya, gaba goma sha biyu, suka tarar da jijiyar jibs a kwance, suka bi ta da wani dogon lungu da mutum ba ya iya miƙewa a cikinsa.

Ɗan ƙanwata ne jagoransu. Ɗanta na fari ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Don kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa kowa ya gane, kuma ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ranar da ta kawo mini fura da kanta maimakon ta aiko, ta zauna tana ta zancen albasa da ciwon gwiwa, na san akwai magana. Sai da ta miƙe za ta tafi ta ce, tana kallon ƙofa, wai wancan kullum da ciwon kai yake dawowa, har tuwo yake ƙi.

"Yaya, kai ka san aikin rami. Ka tahi ka gani."

Na zaɓi safiyar Juma'a, ranar da ba su aiki. A bakin ramin akwai rumfar kara, nan taubashina ke zama, ɗan kawuna, tsoho kamar ni, yana dafa wa mahaƙa shayi yana tsaron kayansu. Shef yake ce mini tun da ya ji haka ake kirana a arewa. Da ya gan ni ya ce wa ɗan ƙanwata ya ɗaure ni da igiya biyu, don tuwon Nasara ya sa na yi nauyi, kuma in na maƙale a rami ba shi da wani bawan da zai riƙa aike. Na ce masa ni ramin ba ya ba ni tsoro kamar shayinsa, da ake dafa ganye ɗaya tun daga Asabar. Mai grup bai zo ba ranar, ya tafi Buza. Ɗan ƙanwata ya tada injin da kansa, muka bar fanka ta yi aiki, ya sauka, sannan abokan aikinsa biyu suka zura ni.

Waya ɗaya ce ta sauka cikin ramin, irin wadda ake ja wa ɗaki, an haɗa ta wuri huɗu an naɗe mahaɗan da baƙar leda. Ƙwayayen lantarki suna rataye a ƙusoshi. Fankar tana sama, wani mai walda a Madawa ya ƙera ta, tana hura iska cikin wani dogon tiyon leda da aka ɗinka da hannu, ya sauko ya shiga lungun. Duk wannan bai tsinka mini zuciya ba, na ga irinsa a wasu ƙasashe. Abin da ya tsinka mini ita yana zaune a gindin ramin, daidai bakin lungu: motopom, injin ban ruwa na garka, mai shan esans, wato fetur. Ruwa ke tsattsafowa a ƙasan, injin kuma ba ya iya zuƙo shi daga sama, sai suka sauko da shi kusa da ruwan. Duk wanda ke cikin lungu, wannan injin yana tsakaninsa da igiyar fita.

Da muka fito na zaunar da ɗan ƙanwata. Na gaya masa a cikin hayaƙin motopom akwai wata iska da ba ta wari, ba ta launi, ba ta sa tari, sai dai ciwon kai da kasala, daga nan ƙafafu su ƙi ɗaukar mutum alhali yana ganin hanya. Na ce ciwon kan da yake kai wa uwarsa gida ragowarta ne. Fanka ce kaɗai ke korar ta, fanka kuma a wuyan grup ɗaya take rataye. Na ba shi labarin raminmu na arewa: hanyar kuran biyu ce, ɗaya ta yanke ɗaya ta karɓa, ga kuma inji na jira mai tashi da kansa. A bakin rami akwai allo mai ƙusoshi, kowa ya rataye lambarsa ta ƙarfe kafin ya sauka, kuma muddin akwai lamba ko ɗaya a allon, ko babban darekta bai isa ya taɓa makunnin fanka ba.

Ya saurare ni har ƙarshe, kansa a ƙasa, yana zane da tsinke. Sannan ya yi murmushi.

"Kawu, can kamfani na. Nan mu na. Grup guda gare mu, shi ma na wani na."

Na ce su fidda motopom su nemi famfon lantarki. Ya ce grup ɗin ba zai ja fanka da famfo tare ba, sun gwada. Na ce su kwashe ruwan da guga. Ya ce sai su yini suna kwasar ruwa ba su fasa dutse ko ɗaya ba. Na ce to su bar ramin. Sai ya waiwaya ya dubi kwarin, inda gonarsa take, fara fat. Taubashina ya miƙo mana shayi ya ce Shef ya zo da dokokin Faransa garin da ba a ƙoshi da tuwo ba. Abu ɗaya ɗan ƙanwata ya yarda da shi, kada a kashe grup muddin da mutum a ƙasa. Ya ce zai gaya wa mai grup. Ya ƙara da cewa ai akan kashe shi wani lokaci a zuba mai, su ɗan zauna cikin duhu, ba abin da ke faruwa.

Na koma gida ina tunani. A cikin akwatina akwai kwaɗon aikina, ja, da lambata a jikinsa. A arewa kowane ma'aikacin wuta yana da nasa. In za ka sa hannu cikin wayoyi, sai ka kashe wuta ka rataya kwaɗonka a makunni, mabuɗi a aljihunka, don kada wani ya kunna maka. Can ana kulle wuta ne a kashe. Na ga nan sai an kulle ta a kunne. Ranar kasuwar Buza na sa wani maƙeri ya yanka mini ɗan murfin kwano mai marata, wanda zai rufe makunnin grup. Nufina a kulle shi da safe, mabuɗin ya sauka a wuyan mai shiga lungu, kada mabuɗin ya hau sai mutumin ya hau. Na ji daɗin dabarar ƙwarai, har na nuna wa ƙanwata. Ta juya kwaɗon a hannu ta ce Allah ya sa a dace.

Kwana biyu bayan haka na tafi kai musu. Da hantsi ne. Daga wurin gaisuwar rasuwa na fito, don haka ina cikin babbar riga da hula da sanda, shigar da ko makaho zai san babba ne ya taho. Tun daga gindin dutse nake jin grup na ruri, ina hawa ina hutawa, kwaɗo da murfi a aljihu suna bugun cinyata. Da na ɓullo, mai grup yana zaune bisa jarka kusa da injinsa. Ya gan ni. Ya miƙe, ya zame takalmansa, ya miƙa hannu ya kashe.

Wuri ya yi tsit. Ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

Na ce lafiya lau. Ya tambayi gajiya, na ce babu. Ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar da ke damuna, ya yi mini gaisuwar rashin da aka yi. Na amsa duka, har na tambaye shi mahaifiyarsa. Shekarun da na yi ina hana mutane taɓa makunnin fanka ba su zo mini ba a lokacin. Bakina ne ya yi ta aikin da ya saba tun ina yaro, kuma shirun ya yi mini daɗi kamar kullum. Sai a tsakiyar wata amsa na ji wani sauti yana fitowa daga cikin rami, ƙasa-ƙasa, ba ya yankewa. Motopom ne.

Na tambaye shi wa ke ƙasa. Ya ce su uku ne, har da ɗan ƙanwata.

"Tada shi. Yanzu."

Ya ga fuskata, ya zabura ya ja igiyar injin. Bai kama ba. Ya sake ja, injin ya yi tari ya mutu. A ja na uku igiyar ta tsinke, ya faɗi zaune da guntunta a hannu.

Sai an kwance murfin gefe kafin a sa wata igiya, kile kuwa, wato sifanar da ke kwance shi, yana ƙasa, an sauka da shi don ɗaure motopom. Na durƙusa da babbar rigata ina fama da ƙusoshin da filaya da bakin wuƙar taubashina. Shi kuma taubashin ya kwanta a bakin rami yana kira su kashe injin ruwa, amma ƙarar injin ta fi muryarsa. Can sai igiya ta motsa, abokan aikin biyu suka hau ɗaya bayan ɗaya. Ba kiran suka ji ba. Sun ce da wuta ta ɗauke sun zauna jira kamar yadda suka saba, da ta daɗe ɗan ƙanwata ya ce su hau su ga abin da ya faru, shi zai ƙarasa cika buhu da hasken waya. Na tambaye su me ya hana su kashe motopom da suka wuce ta gefensa. Suka ce in aka kashe shi ruwa na taruwa, kuma yana da wuyar tashi. Suna magana ɗaya ya dafe kai ya zauna ya yi amai.

Ɗayan ya kama igiya zai koma. Na tashi na riƙe shi. Na san yadda abin ke tafiya, na ga irinsa a wata rijiya a Aljeriya: na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu, a fiddo gawa uku maimakon ɗaya. Ya ce, "Baba, sake ni, shi ɗaya na ciki." Na ce ba mai sauka sai fanka ta tashi. Ya fi ni ƙarfi nesa, da ya so da ya ture ni. Bai ture ni ba, don ni babba ne. Ya tsaya yana kallon ramin, hannuna a damtsensa.

Muka cire murfin, muka naɗa igiyar jakin taubashina a bakin injin. Mai ya riga ya cika shi. Na fidda buji, wato fulogin injin, baƙi ƙirin, na goge da gefen rigata, na kankare da wuƙa, na mayar. Muna cikin haka ƙarar motopom ta fara sarƙewa, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Mutanen da suka fara taruwa suka ce alhamdu lillahi, wanda ya rage a ciki ya kai gare shi ya kashe. Ni ban ɗauka haka ba. Inji ma iska yake shaƙa, in ta ƙare masa mutuwa yake da kansa.

Ban duba agogo ba lokacin da aka kashe grup, don haka ban san tsawon abin ba, likita ma ya tambaye ni daga baya na rasa amsa. Na dai san inuwar rumfa ta matsa fiye da taki ɗaya kafin injin ya kama. Tiyon leda ya kumbura, ya miƙe. Na sa aka ƙara jira kaɗan, wannan jiran ma ni na sa shi, sannan muka ɗaura wa wanda na riƙe igiya a ƙugu muka zura shi. Ya tarar da makunnin motopom a kunne. Ɗan ƙanwata yana kwance cikin lungu, gaba biyu kafin injin, wayarsa na haske a gefensa. Ya taho kashewa ne ƙafafu suka ƙi. Yana numfashi.

Da amalanke aka sauko da shi, muka sami mota zuwa likita a Madawa, aka sa masa iskar kwalba. Washegari ya buɗe ido ya gane mu. A rana ta uku har ya tsokane ni, ya ce ya ji labarin kawu ya ɓata babbar riga da baƙin mai, zai saya mini wata in an sayar da jibs. Muka dawo gida, gari ya yi ta zuwa barka. Ƙanwata ta yi sadakar masa, tana ta hidima da baƙi ba ta ko dubi inda yake zaune ba.

Bayan kamar sati uku matarsa ta ce ya fita zuwa masallaci an tsince shi a bakin garake, can wajen lambuna, bai san inda za shi ba. Sai tafiyarsa ta canza, yana jan ƙafa. Sai ya daina sanin sunayen 'ya'yansa in ba an tuna masa ba. Na mai da shi Madawa. Likitan mutumin kirki ne, ya juya harshe zuwa Faransanci don kada matar ta ji, ya ce mini wannan iskar takan yi haka, ta saki mutum sannan ta dawo ta kama ƙwaƙwalwa. Ya ce wasu na warkewa a hankali. Na tambaye shi wannan fa. Ya ce mu yi ta addu'a. Damina biyu ke nan.

Ba wanda ya zarge ni. Mai grup ya zo gidana ya durƙusa, ya ce dai shi gaisuwa kawai ya yi nufi, minti kaɗan. Na ce na sani. Ƙanwata ta ce haka Allah ya rubuta. Taubashina ne kaɗai, da yake shi ke da ikon faɗa mini abin da ya ga dama, ya zo wata la'asar ya zauna, ya daɗe bai tsokane ni ba, sannan ya ce:

"Shef, kai kas sa yaron ga ya koyi ladabi. Ga shi ya koya."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Muka zauna har aka kira magariba.

Kwaɗon na ba su. Sun ɗaura murfin, sun yi aiki da shi 'yan makonni. Wata rana waya ta haɗu ta fara hayaƙi, ana son kashe inji da gaggawa, mabuɗi yana can ƙarshen lungu a wuyan mutum, sai suka ɓalle murfin da guduma. Daidai suka yi. Ni da na yi shekaru ina aikin wuta ban hango wannan ba. Yanzu kwaɗon yana jikin akwatin da suke aje jarkar mai, an ce yana da ƙarfi ƙwarai.

Na je wurin maigari na yi masa bayani dalla-dalla. Ya fahimta, ransa ya ɓaci, ya ce da kansa zai hau ya ja musu kunne. Lokacin ramukan sun zama biyar, kowane da grup ɗinsa, uku da motopom a gindi. Na roƙe shi ya aika a kira su fada, ya ce maganar ta fi ƙarfin aike. Ya hau da mutanensa. Wanda ya raka shi ya ba ni labari cewa suna ɓullowa injunan nan biyar suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya, ya yi jawabinsa cikin shiru kan haɗarin kashe inji, kowa na durƙushe yana cewa gaskiya ne. Ranar injunan duka sun tashi da ja ɗaya, ba wanda ya sami ko ciwon kai. Har wasu suka ce ai ga shi nan, ba kullum ba ne.

Na rubuta takarda da Faransanci mai kyau zuwa ga hukuma, na bayyana komai, har da zanen ramin. Tana cikin akwati inda kwaɗon yake da. In na kai ta, abin da zai biyo baya a rufe ramukan, ba a kawo famfon lantarki ba, kuma na san gidajen da ke cin tuwo daga dutsen nan. Ɗaya daga cikinsu gidan ƙanwata ne. Ƙanen wancan shi ke sauka yanzu, a ramin nan dai, don 'ya'ya huɗu da matar wansa sun dawo wuyansa. Na koya masa abin da zan iya: ya ɗaura fitila a goshi, ya aje igiyar inji ta biyu da kile a sama, in wuta ta ɗauke ya kashe motopom kafin ya yi tunanin komai. Yana cewa to, kawu. Da ciwon kai yake dawowa.

Ban ƙara hawa dutsen ba. Mai grup ya rantse mini ba zai sake kashewa ba ko wa ya zo, na kuma yarda da shi, amma akwai sauran masu grup huɗu, kuma ni kaina ban amince da bakina ba. Duk garin ba wanda ya kai ni sanin wannan aiki, kuma ba wanda zuwansa bakin rami ya kai nawa haɗari, in ka cire maigari.

Ɗan ƙanwata a ƙofar gidana yake yini yanzu. Uwarsa ce ke rako shi da safe. Ta daina cewa wancan. Ba ya waiwayowa sai an kira sunansa, don haka take kiransa da ƙarfi a tsakiyar titi, sunan da ta yi shekara arba'in ba ta furta ba, mata na ji suna sunkuyar da kai. Ya manta hanyar gonarsa, ya manta an taɓa yin rami, amma gaisuwa ba ta bar shi ba. Yana zuwa zai tuɓe takalmi ya durƙusa da ƙyar, ya tambaye ni kwana da gajiya da gida da iyali, ba ya tsallake ko ɗaya. Sai ya zauna. In an jima kaɗan ya ɗago ya gan ni kamar yanzu na iso, ya sake durƙusawa.

Daga inda muke zama ana jin injunan dutse in iska ta juyo. Na san muryar kowane, na ƙanensa shi ne mai ɗan sarƙewa. Wani lokaci muna tsakiyar gaisuwa sai in ji ya ɗauke. Nakan yi shiru ina saurare, ko mai ake zubawa, ko wani babba ne ya hau. Shi kuma ɗan ƙanwata yana durƙushe yana jira, don ya tambaye ni gajiya ban amsa ba.

Sai in ce masa babu gajiya. Ya ce madalla, ya tambaye ni gida.